Inda Fim Ya Yi Shiru

Duk telan da ke layin kasuwa ya san Mai Keke. Idan keken ɗinki ya fara cin zare, ko ya ƙi jan yadi, ko feda ta yi tauri, shi ake aika wa. Zai zo da 'yar jakarsa ta fata wadda zif ɗinta ya mutu tun shekarun baya, ya zauna a benci, ya ce a taka masa. Ba ya taɓa keke sai ya saurare shi tukuna. Daga nan ya zaro sukudireba da kwalbar mai, kafin shayin da aka zuba masa ya huce an gama. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, bai yi arziki ba, bai kuma taɓa kwana da yunwa ba. A waje ba shi da yawan magana. Teloli ma tsokanarsa suke yi, wai a gida yake ajiye kalmominsa. Ba su san gaskiya suka faɗa ba.

A wurin gyara ya samo matarsa. Tana budurwa lokacin, tana ɗinki a ƙofar gidansu, kekenta yana tsallake. Ya gyara, ya goge hannu, ya ce an gama. Ta taka sau uku ta tsaya.

"Har yanzu yana tsallake," in ji ta.

Ya yi musu, don a lokacin yana ji da kansa. Ya ɗaga ƙyallen a haske, sai ga shi kuwa, cikin kowane ɗinki ashirin akwai guda da allura ta wuce ba ta kama ba. Ita ko kallon ƙyallen ba ta yi ba, da kunne ta ji. Sau uku ya koma gidan saboda keken nan, a na ukun ba abin da ke damun keken. Tun daga ranar yake kiranta Tela, har suka tsufa. Ita kuwa Malam take ce masa. 'Yarsu ɗaya tak, suna kiranta Auta duk da ba ta da wa ba ta da ƙane, ta yi aure a wani gari mai tafiyar kwana biyu.

Bayan keke, kallon fim ne abin da ya haɗa su. Tun zamanin kaset, kullum ya dawo daga kasuwa bayan la'asar zai wanke baƙin mai daga hannunsa, ta rufe keke, su zauna a kujerar nan mai cin mutum biyu wadda tsakiyarta ta lotsa. Shi kallo kawai yake yi. Ita ce mai sharhi. Babu fim ɗin da zai ƙare ba ta yanke masa hukunci ba: wannan jarumar kukan ƙarya take yi, wancan uban bai kai a ji tsoronsa ba, rigar nan kuwa wanda ya ɗinka ta ya ci amanar yadi. Mai Keke ba ya sanin ko fim ya yi masa daɗi sai ya ji ta bakinta. Washegari idan teloli suka tambaye shi, ra'ayinta yake juye musu, ya karɓi yabon basira ko kunya babu.

Wanda suka fi so wani tsohon fim ne na barkwanci, na direban da aka ba akuya ya kai wani gida, akuyar ta cinye takardar kwatancen. Sun kalle shi ya fi sau ɗari. Akwai wurin da direban yake buɗe bakin akuyar yana leƙawa ko zai karanto saura. A nan Tela take dariya har ta riƙe ciki tana dukan cinyarsa, kullum kamar ranar ta fara gani.

Shekara tara ke nan da ciwon sukari ya cinye mata ido. Ba rana ɗaya ya tafi ba. Ramin allura ne ya fara ɓace mata, sai layin alli a kan yadi, sai fuskokin mutane. Ranar da allura ta huda mata yatsa sau biyu a ɗinki ɗaya, ta tashi ta lulluɓe keken da tsohon zane, ba ta ƙara zama a kansa ba. Shi ne dai duk farkon wata yake yaye zanen ya ɗiga masa mai, ya mayar.

Ya ɗauka kallo ya ƙare ke nan. Sati biyu talabijin yana kashe. Sai wata la'asar ta ce, "Malam, ido na rasa, kunnena yana nan. Kunna mana akuyar nan. Inda suka yi shiru, kai ka gaya min abin da ake yi."

Da farko bai iya ba ko kaɗan. Sai ya ce, "Ya tashi. Ya zauna."

"Wane irin tashi? Mutum yana tashi iri goma. Na fushi ne ko na wanda ƙafarsa ta yi tsami?"

Haka ta yi ta horar da shi har bakinsa ya faɗa. Ya koyi ganin wuyan riga, da wanda ya saci kallon wani, da hannun da ke rawa a ƙarƙashin tebur. Mutumin da ba ya haɗa kalma goma a kasuwa ya zama mai zuba a falo. A finafinan barkwanci dariyarta takan makara da numfashi ɗaya, don sai abin ya biyo ta bakinsa kafin ya isa gare ta. Ya saba bar mata wannan ɗan gurbin. Zai faɗi, ya yi shiru, ya jira.

Barkwanci ba shi da wahalar faɗa. Matsalar sababbin finafinan nan ce masu ban tausayi, waɗanda ake tura masa a waya a wani shago kusa da tasha, ya zo ya haɗa da talabijin. Masu yin su sun mayar da shiru sana'a. Sai a kai ƙarshe, wurin da mutum ya ƙagu ya ji yadda ta kaya, kowa ya kama bakinsa, a saki wani kiɗa mai sanyi, a bar mai kallo da fuskar mutum ɗaya har sunaye su fara hawa. Mai ido ya gani ya share hawaye. Marar ido kuwa sai abin da aka gaya masa.

Ranar da ya fara canja mata ƙarshen labari, wani fim ne na tsohuwar da ke zuwa tasha kullum tana jiran ɗanta. A ƙarshe mota ta tsaya, mutane suna ta saukowa. Ya juya ya ga Tela ta miƙo wuya, ta damƙe hannun kujera.

"Malam, ya sauko?"

Motar ta zama wayam. Tsohuwar ta ɗauki jakarta ta juya.

"Ga shi nan," ya ce. "Shi ne... na ƙarshe. Da jaka a kafaɗa."

Ta saki hannun kujerar a hankali. Can ta ce, "To, madalla."

Daga ranar babu wanda ya sake mutuwa a falon nan matuƙar cikin shiru zai mutu. Wanda ya nutse a kogi Mai Keke ya fito da shi gaɓa. Matar da ta tafi ya dawo da ita bakin ƙofa. A ransa yana cewa wadda duhu ya riga ya yi wa yawa ba ta buƙatar ƙari. Babu kuma mai tona shi, don masu zuwa gaishe ta zancen magani suke yi mata, ba zancen fim ba.

Bana ƙafafunta suka fara kumbura, abinci ya daina zama. Aka yi gwaje-gwaje. Ranar karɓar sakamako likita ya sa ma'aikaciyar jinya ta fita da ita baranda, ya ce Mai Keke ya zauna.

"Baba, ƙodojinta sun gaji, duka biyun," in ji likitan. "Zuciyarta kuma ba za ta ɗauki wankin ƙoda ba. Watanni ne, ba kuma masu yawa ba. Wanda ya kamata a kira, a kira shi."

Ya fito baranda. Tana zaune a benci, sandarta tsakanin ƙafafu, fuskarta na fuskantar ƙofar da ba tasu ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce... da sauƙi. A ci gaba da magani, a rage gishiri."

Ta miƙo hannu ta kama gwiwar hannunsa kamar kullum, suka tafi neman mota.

Niyyarsa ya gaya mata gobe. Goben ta zo ya ga ta ɗan ci abinci, ya ce ba yau ba. Jibi ya ga ba ta ci ba, ya ce ai yau ma ba rana ba ce. Auta tana kira duk mako, ya ce mata jiki da sauƙi, don idan ya ce ta taho, Tela za ta tambayi dalili. Haka kwana arba'in suka wuce. Tsoro ne ya riƙe masa baki, amma shi tausayi yake kiransa.

Cikin kwanakin nan mai shagon ya tura masa wani sabon fim, ya ce duk gari zancensa ake yi. Mai Keke bai tambayi labarin ba, da ya tambaya da bai karɓa ba. Wata malamar makaranta ce ke kwance a asibiti, mijinta yana kawo mata shayi a filas kowace safiya. Tun kafin a yi nisa Mai Keke ya gane inda labarin ya dosa. Ya ce hoton ba kyau, bari ya canja.

"Ka taɓa rimot ɗin nan mu ɓata," in ji Tela.

Aka kai ƙarshe. Magana ta ɗauke, kiɗan nan ya taso. Mijin ya bi doguwar baranda da filas a hannu, ya tura ƙofa. Gadon babu kowa. An naɗe katifa, an cire zanen gado, wata ma'aikaciya tana goge ƙarfen. Mijin ya zauna a kujera ya rungume filas.

"Malam?"

"Ya shiga. Tana... zaune bakin taga, tana taje kanta. Ta juyo ta yi masa murmushi."

Tela ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Na ce ba za ta mutu ba," ta ce. "Tun daga muryarta na sani." Ranar ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙari.

Bayan kwana biyu ƙanwarta ta zo. Rediyo ake ce mata tun suna yara, ba sai an faɗi dalili ba. Shekaru tana wani gari, kwanan nan mijinta ya ajiye aiki suka dawo. Hantsi ne, Mai Keke bai fita ba, yana tsugune a lungu ya yaye zanen keke yana ɗiga mai. Rediyo ta gaishe shi da tsokanar da ta saba, wai har yanzu yana yi wa kishiyar yayarta hidima, ta zauna a gurbinsa. Daga gaisuwa ta faɗa zancen finafinai. Suka fara da na akuya, Rediyo ta ce ita ta gaji da shi, Tela ta ce ai dama ba ta taɓa sanin abin dariya ba. Suka yi ta ƙyaƙyatawa.

"Yaya, kin kalli na malamar nan kuwa? Ni kam idona har ya kumbura. Wannan gado da aka naɗe wa katifa, har yanzu in na rufe ido shi nake gani."

Kwalbar man ta tsaya a hannun Mai Keke.

"Wane gado?" in ji Tela.

"Na ƙarshe mana. Da ya zo da shayi ya tarar an riga an fitar da ita."

"Ke dai ba kya kallo da hankali, surutu ne ya yi miki yawa. Tana bakin taga tana taje kai."

"Wace taga, Yaya? Ɗakin ma ba shi da taga."

"Na ce miki ta warke!"

Tela ba mai ɗaga murya ba ce. Rediyo ta yi sororo. Ta juya wajen mijin yayarta don ya raba gardama, ta ga ya sunkuyar da kai yana goge wurin da babu datti. Karo na farko a rayuwarta bakinta ya mutu. Ta yi 'yan kame-kame, ta ce wataƙila kala biyu aka yi, ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta tafi.

Suka rage su biyu. Ya ci gaba da goge keken.

"Rufe keken nan ka zo," in ji Tela. Ya zo ya zauna. "Mayar min da fim ɗin, daga inda ya shiga baranda. Wannan karon abin da ke gabanka za ka faɗa."

Ya mayar. Kiɗan ya taso. Ya faɗa mata baranda, da filas, da katifar da aka naɗe, da ma'aikaciyar da ke goge ƙarfe ba ta ko ɗago kai ba. Ya faɗa mata yadda mijin ya zauna. Bai tsallake komai ba.

Ta gyaɗa kai. "Ya fi kyau haka," ta ce. "Wanda ya yi shi ya san aikinsa."

"Tela, ki yi haƙuri. Na ga kamar..."

"Yaron tashar nan bai sauko ba, ko? Wanda ya faɗa kogi ma bai fito ba. Malam, shekara nawa na yi ina jin keke idan ya tsallake? Kai ma haka kake. Sai ka zo daidai wurin, ka ɗan tsaya, ka wuce ba ka kama ba. Duk na sani. Na ƙyale ka ne don na ga kai ne ba ka iya ɗaukar ƙarshen ba. Wannan ɗaya ne kawai na toshe kunnena, don ina so ya zama gaskiya. Ka ga yadda na yi wa yarinyar nan tsawa a banza."

Kunya ta rufe shi. Shekara da shekaru yana ganin shi ke lallaɓa ta, ashe ita ke lallaɓa shi.

Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "To, saura na likita."

Ya kau da kai, ita ta ci gaba.

"A barandar asibiti ma ka tsallake. Na ji. Kullum ina cewa yau zai faɗa. Ni ma tsoro ya hana ni tambaya, ba zan ɗora maka duka ba. Amma na fim wasa ne. Wannan nawa ne, ba ka da ikon gyara min shi."

Sai ya faɗa. Kalma bayan kalma yadda likita ya ce, har da watannin da ba su da yawa, har da a kira na kira. Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a bayan hannunta. Ita ba ta yi kuka ba lokacin. Ta yi ta motsa leɓe tana ƙirga kwanaki.

"Kwana arba'in da biyu," ta ce. "Da Auta tana nan tun tuni. Da na ji muryar jikokina na ƙoshi. Ka cinye min su, Malam, kuma ba ni da wasu da yawa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Ya so ta zage shi. Ta ce kawai ya miƙo waya.

Auta ta iso bayan kwana uku da 'ya'yanta biyu. Tela ta shafa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Auta keken nata ne, amma kada ta bari kowa ya taɓa shi sai babanta. Ta aika aka kira Rediyo ta ba ta haƙuri. Kwana goma sha tara suka samu tare. A cikinsu ba a ƙara kunna sabon fim ba, sai na akuya, kusan kowace la'asar, ita tana kwance a doguwar kujerar da aka shigo da ita falo. Jikokin suna dariya a kan lokaci, tata tana biyo baya, kullum tana ƙara siririya. Ba ta sake tayar da zancen kwanakin nan ba. Shi ne bai daina ƙirga su ba. Duk sanda ya ga ta riƙe hannun Auta sai ya tuna cewa da sittin da ɗaya za su samu.

Ta rasu wata safiya, Auta tana taje mata kai.

Bayan an watse daga zaman makoki, Auta ta roƙe shi ya bi ta, ya ƙi. Ya koma kasuwa da jakarsa. Har yanzu kunnensa yana aiki, yana gyara keke kafin shayi ya huce. Sai dai idan teloli suka kaure da gardamar sabon fim, wani ya ce ya yi kyau wani ya ce an ɓata ƙarshen, suka juyo suka ce Mai Keke ya raba, sai ya ce bai gani ba. Wani lokaci ya gani. Bai dai san ko ya yi kyau ba, don babu wanda zai gaya masa.

Keken yana nan a lungu, Auta ba ta samu motar ɗauka ba tukuna. Kujerar ma tana nan, gefe ɗaya ya fi lotsawa. Rannan da la'asar ya dawo, ya wanke hannu, ya kunna na akuya don gidan ya yi masa faɗi. Bai yi niyyar magana ba. Aka zo wurin, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ya kama haɓarta," ya ce. "Ya buɗe bakin. Yana leƙawa ciki da ido ɗaya."

Ya yi shiru, ya bar mata gurbinta. Direban ya saki akuyar, ya koma mota, ya tayar, har ya sha kwana. Mai Keke yana nan zaune yana jira.